Hasken da ke kewaya cikin ƙwayar roba

Tun 1960 da Theodore Maiman ya kunna lesa (na'urar fitar da haske mai ƙarfi) ta farko a Amurka ake ta ƙanƙantar da ita. Yanzu masana na yin ta da roba, 'yar ƙwaya wadda ba ta kai kaurin silin gashi ba, mai rini a ciki. Haske yakan yi ta kewaya bangonta har ya ƙarfafa. Da wani abu ya manne mata, sai launin hasken ya ɗan gusa, na'ura ta gane.

Amfaninta ga ruwan sha nake tunani. A Damagaram, inda 'yan garuwa ke zaga unguwannin Birni da Zango, ma'auni mai araha irin wannan zai iya tona gurɓataccen ruwa kafin yaro ya sha. Aikin yana ɗakin gwaji tukuna. Ina ɗaliban Jami'ar André Salifou? Ku shigo.