Kunne Tukuna, Kāna Baki

 A wannan rana ta jubili muna so mu shaida muku abin da Allah ya koya mana a Briqueterie, unguwar Hausawa ta Yaunde, wadda ta sami sunanta daga wurin gasa tubali na zamanin Jamusawa.

Tun 1932 Littafi Mai Tsarki yana hannunmu da Hausa, amma mun daɗe muna riƙe da shi kamar sanda. Mukan zauna wurin teloli da masu tsire mu yi ta gardama har magariba, kowa ya tashi da ɗacin rai. A 1959 aka kafa aikin da daga baya aka kira PROCMURA, domin Kirista na Afirka su san maƙwabtansu Musulmi, su ba da shaida da ladabi. Sa'ad da koyarwar nan ta iso mu, sai muka sāke hanya: mu gaisa tukuna, mu bar mutum ya gama maganarsa, mu maimaita masa abin da muka ji, kāna mu faɗi namu ba da zargi ba.

Abokanmu biyu, dattawan ikkilisiya, suka yi mana dariya. Suka ce, "Malam, wannan ai tsoro ne, an sa masa rigar tawali'u."

Ana nan sai wani mahauci ya kori ɗansa saboda ya yi baftisma. Muka tafi gidan tare da ɗaya cikin dattawan. Tsohon ya yi ta faɗa, mu kuwa muka yi shiru. Da ya gama muka ce, "Baba, abin da muka ji shi ne, kuna tsoro ran da za a kai ku makwanci ɗanku ba zai bi gawarku ba." Ya sunkuyar da kai, hawaye suka zubo. Bai karɓi bangaskiyarmu ba, amma kafin mako ya kewayo ya aika a kira yaron cin tuwo.

A hanyar komawa dattijon ya ce, "Malam, da na amsa masa yadda na saba, da ƙofar nan ta rufe har abada." Ya ba ɗan'uwansa labari, tun daga ranar su biyu suke raka mu ziyara.

Ku karanta wasiƙar Yakubu sura 3, ku roƙi Ubangiji ya tsare harshenmu, gama dayawanku kuna da iyaye da ke jiran a saurare su. Amin.