Shawarar da Ba a Jiƙa wa Saiwa



Yau maganarmu a kan ciwon dajin fankiriyas ce. Fankiriyas gaɓa ce da ke bayan tumbi. Ita ke taimaka wa narkewar abinci, ita ke daidaita sukarin jini.

Wannan daji ba ya sallama. Yakan yi nisa kafin ya bayyana.

To, ku lura. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki na ƙaiƙayi. Ciwon ciki na sarawa har gadon baya. Mutum na ramewa ba dalili. Ko ciwon suga ya ɓullo kwatsam bayan shekaru sun ja.

A nan mukan ce shawara ce, mu jiƙa saiwa. Jama'a, ba kowace shawara ake jiƙa wa saiwa ba.

A Abuja muna da Asibitin Ƙasa, muna da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. A je a yi hoton ciki. In an gano da wuri, tiyata na yiwuwa. In ya yi nisa, akwai maganin da ke rage bazuwarsa, akwai mai sauƙaƙa raɗaɗi.

Mai shan taba, ka daina. Mai jinya, kada ka gaji.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya. Mu kwana nan.