Kafin Wutar Daji Ta Iso Damba

Hunturu ya kama, ciyawa ta bushe ƙayau. A Damba, inda gidajen Gusau ke kutsawa cikin gonaki, har ƙauyukan Tsafe da Bungudu, mai farautar gafiya ɗaya ya isa ya tayar da gobara, iska ta kai ta har ɗaka.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke jingina karan dawa da harawa jikin danga, rumbu kuma dab da ɗakin kwana. Mu ne ke shimfiɗa wa wuta hanya. Mai sabon gini ya ja katangar ƙasa ko bulo, ya nisanta rumbu, ya bar hanyar motar kashe gobara.

Masu unguwanni, don Allah ku kira gayya a share kewayen gari tun yau.