Haske Zai Iya Kare Ƙwaƙwalwar Tsofaffinmu Bayan Tiyata?

Yau maganar asibiti za mu yi. Kar wani ya ce ba ruwansa, don in aka kwantar da Baba ko Kaka, ai mu ne masu kwana a tabarma gefen gado.

Za ka ga an yi wa dattijo tiyata, likita ya ce aiki ya yi kyau. Bayan kwana biyu sai ya kasa gane 'yarsa, yana cigiyar wanda ya daɗe da rasuwa, yana fizge robar ƙarin ruwa da tsakar dare. Wasu su ce iskoki ne, wasu su ce rikicin tsufa ne. Likitoci sun san wannan ruɗewar sarai. Akwai kuma wadda ke zuwa a hankali, wato mantuwa da raunin tunani na makonni ko watanni. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 1998 kan 'yan shekara 60 zuwa sama ya gano kusan kashi 26 cikin 100 suna da wannan rauni mako guda bayan babbar tiyata, kusan kashi 10 kuma har bayan wata uku. Kumburin da tiyata ke tayarwa a jiki, raɗaɗi, wasu magunguna da rashin barci duk suna da hannu a ciki.

To ina haske ya shigo? Ta hanya biyu, kuma kar mu cakuɗa su.

Ta farko ita ce haska kai da jan haske, ko wani haske makusancinsa da ido ba ya gani. Asalin abin daga ƙasar Hungari ne: a 1967 wani likita, Endre Mester, ya lura gashin ɓerayen da ya aske ya fi saurin tsirowa in an haska su da lesa mara ƙarfi. Bayanin masana shi ne, a cikin ƙwayoyin halittarmu akwai wasu ƙananan injina masu samar da kuzari, ana ce musu mitokondiriya. Suna tsotsar irin wannan haske, sai su ƙara aiki, kumburi kuma ya ragu. A gwajin dabbobi an ga alamun yana taimaka wa ƙwaƙwalwa. Amma fa ɓera daban, mutum daban. Ƙoƙon kanmu yana da kauri, kaɗan ne daga cikin hasken ke ratsa shi, gwajin da aka yi a kan mutane kuma ƙanana ne. Har yanzu bincike ake yi. Saboda haka in ka ga ana tallar wata hula mai jan ƙwai a Facebook ko TikTok wai tana dawo da ƙwaƙwalwa, riƙe kuɗinka.

Ta biyu kuwa kyauta ce: hasken rana. Ƙwaƙwalwa tana da agogonta, kuma hasken da ke shiga ido ne ke saita shi. In duhu ya yi, jiki ya saki sinadarin melatonin mai kawo barci. Yanzu ku dubi yadda muke jinya: da rana an saki labule, da dare ƙwan lantarki a kunne, mai jinya na kallon bidiyo a waya, 'yan dubiya na shiga da fita. Yaya agogon dattijo ba zai rikice ba?

A 1999, likita Sharon Inouye da abokan aikinta a Amurka sun gwada wasu matakai masu sauƙi kan tsofaffin da ke kwance a asibiti: tuna musu rana da wuri, gyara musu barci, sa su motsi, ba su ruwa, da mayar musu da tabarau da na'urar ji. Masu ruɗewa suka ragu daga kashi 15 zuwa kusan 10. Daga baya aka faɗaɗa tsarin zuwa ɗakunan waɗanda aka yi wa tiyata.

Yawancin wannan aikin mai jinya ne. Da safe ka yaye labule. In likita ya yarda, ka taimaka masa ya zauna kusa da taga ko ya ɗan taka. Ka ce masa, "Baba, yau Laraba ce, muna asibiti, an kira azahar." Lokutan salla ma agogo ne da ya saba da shi. Da dare a rage haske, a rage surutu, a taƙaita 'yan dubiya. Kar ka ba shi maganin barci da kanka. In ka ga ya ruɗe farat ɗaya, ko ya yi shiru da yawan gyangyaɗi ba kamar yadda ka san shi ba, gaya wa nas ko likita nan take, don yana iya zama alamar wata cuta ko ƙarancin iskar numfashi. Addu'a muna yi, amma a haɗa da kiran likita.

Wanda ya taɓa jinyar tsoho bayan tiyata, ya ba mu labarin abin da ya gani. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mun haɗu a shiri na gaba.