Sauya Igiya Alhali Mai Haƙa Yana Cikin Rijiya



An nemi in yi magana a kan sabunta babbar manhajar sabar da ke nesa. Sabar dai kwamfuta ce wadda ba ta barci, tana ajiye a wani ɗaki mai sanyi a Ikko ko Abuja ko Jamus, tana amsa wa duk wanda ya buɗe shafin intanet. Babbar manhaja kuwa ita ce ke tafiyar da injin, sauran manhajoji duka a kanta suke zaune. Mai kula da sabar sau da yawa bai taɓa ganinta da idonsa ba. Ta wata hanya da ake kira SSH yake shiga, ta ƙofa mai lamba 22, ya rubuta umarni daga inda yake.

To, matsalar ita ce wannan ƙofa tana cikin abin da za a rushe a sāke. A garinmu Tudun Kaya, can wajen Karaye da Rogo, in aka ce a sauya igiyar rijiya alhali mai haƙa yana ƙasa, kowa ya san sai an zura sabuwa ya kama kafin a kwance tsohuwa.

Wani zai ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, a bar injin yadda yake mana. Wannan ba ta ɓullewa. Kowace manhaja tana da wa'adi. Kamfanin Canonical yana fitar da Ubuntu mai dogon zango duk shekara 2 a watan Afrilu, ya yi shekara 5 yana toshe ɓarakarta kyauta. Wa'adin ta 20.04 ya cika a Mayun 2025. CentOS 7 ma an daina kula da ita ran 30 ga Yuni, 2024. Wanda ya yi sakaci kuwa yana da abin tunawa: a Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta afka wa asibitocin Ingila, aka soke ganin likita kimanin 19,000, alhali Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris.

Abin da ya same ni shi ne dalilin tsayuwata a gabanku. Ni ke kula da 'yar sabar ƙungiyar ɗaliban yankinmu, inda muke tara sunayen masu neman tallafin karatu. Ina gida hutu a 2025, sai na ga wa'adi ya matso, na ce bari in gama da ita a dare ɗaya, da tsohuwar kwamfutata da intanet na waya. Ba a tsallake mataki, daga 20.04 sai 22.04, sa'an nan 24.04. Na yi abin da ya kamata na farko, watau na ɗauki kwafin injin gaba ɗaya. Umarnin sabuntawar da kansa ya buɗe mini ƙofa ta biyu mai lamba 1022 saboda tsaro, kuma da sabis ya yanke a tsakiyar aiki, kamar yadda ya saba a ƙauye, na koma na tarar aikin yana jirana, domin a cikin screen yake gudana, manhajar da ke riƙe aiki ko da mai shi ya ɓace. Har na fara yabon kaina.

Sai aka zo kashewa da kunnawa. Injin ya tashi lafiya, amma ya ce bai san ni ba. Na maimaita, ya sāke kora ta. Ashe tun daga OpenSSH 8.8, wadda ta fito a 2021, an daina karɓar tsohon sa hannun mabuɗin RSA mai amfani da SHA-1, kuma manhajar da nake shiga da ita ta tsufa, ba ta iya wani ba. Shiga da kalmar sirri kuwa ni na rufe ta da hannuna tun da daɗewa. Ƙofar 1022 ta wucin gadi ce, ta tafi da kashewar injin. Wannan sauyi yana rubuce a takardar bayanin fitowar manhajar, wadda ban karanta ba, don na ɗauka surutu ne.

Saura hanya ɗaya. Masu ba da hayar sabar suna da wani allo a shafinsu wanda ke sa ka kamar kana zaune gaban injin. Amma yana neman kalmar sirri ta cikin gida, ita kuwa tana cikin wani littafi da na bari a akwati a ɗakin kwananmu a Kano. Da in mayar da kwafin da na ɗauka, sai na tuna sunayen da aka shigar bayan ɗaukarsa za su salwanta, domin ban rufe rajista ba kafin in fara. Ga shi sabuwar manhajar ta zo da sabon PHP, shafin ya daina buɗewa, kwana 3 kuma suka rage a miƙa sunaye. Mahaifiyata ta ga ina haɗa jaka da asuba, ta ce, "Kai da ka ce aikin naka daga ko'ina ake yinsa?" Ban sami amsa ba, na ce, "Inna, sai na dawo."

Ku da za ku shiga aikin gwamnati, wannan zai iske ku a ofis, inda abin da ke kan sabar albashin mutane ne ko sakamakon jarrabawa. Ba sai kun iya rubuta umarni ba. In ma'aikaci ya kawo muku takardar neman izinin sabuntawa, ku tambaye shi ko ya gwada a kan wani injin na gwaji, ku tambaye shi ko ya taɓa mayar da kwafin ajiyarsa ya ga yana aiki, domin kwafin da ba a gwada ba zato ne kawai. Sa'an nan ku ce ya nuna muku ta inda zai shiga in ƙofar farko ta rufe, ya shiga ta nan a gabanku kafin ku sa hannu. Kada kuma a yi aikin ranar Juma'a da yamma, ko ana gobe biyan albashi.

Na isa Kano da azahar, na buɗe akwati, na shiga ta allon, na sa sabon mabuɗi irin Ed25519. Gyaran shafin ya ci sauran yinin. Matakin 24.04 kuwa sai bayan wata guda na taka shi, da littafin a gabana.