Jawabin Sashen Kiwo: Abincin 'Yan Tsaki Daga Abin Da Ke Gida



Tun da kajin da aka raba suka fara kwanci, tambaya guda ce ke ta dawo mana: idan kaza ta ƙyanƙyashe, dole ne sai an sayi abincin buhu na kamfani? Mun san da yawa daga cikinku kun baro garke a Sakkwato, Zamfara da Katsina, ba mu ne za mu koya muku kiwon kaza ba. Amma a can gida kaza na da fili, ga bola, ga bakin rumbu, ga turken shanu inda take tonon tsutsa. A nan fili ya yi kaɗan, maƙwabci na kusa, abin tono babu. Shi ya sa tsakon da zai rayu a can da tsintuwa kawai, a nan sai a wayi gari ya saki fiffike.

Amsarmu ita ce ba dole ba ne, muddin kajin gida ne. Kajin turawa na nama, waɗanda ake sayarwa bayan mako shida ko bakwai, su kam ba mu ba kowa shawarar ya kiwata su da haɗin gida ba, asara zai yi. Ga kazarmu ta gida kuwa, ku duba lissafin. 'Yan tsaki goma, cikin mako huɗu na farko, abin da za su ci bai wuce kilo 5 zuwa 6 ba, wato tiya biyu da 'yan kai. Buhun kamfani kilo 25 ne. Wanda ya ci bashi ya saye shi saboda tsako goma, kafin ya kai rabi laima ko ƙwari sun shiga. Na awo da ake buɗewa a kasuwa kuma, ba ka san tun yaushe yake a buɗe ba.

Sai dai akwai abin da abincin buhu ya fi dusa da shi, kuma nan ne maganar take. Tsako jiki yake ginawa, da ƙashi da gashi, don haka yana bukatar sinadarin gina jiki kamar kashi 20 cikin 100 na abin da yake ci. Gero da dawa da masara kashi 9 zuwa 11 kawai gare su. Tsakon da aka bari da ɓarzajjen gero da dusa zai cika maƙoƙo, amma rabin bukatarsa ya samu. Ba zai mutu ranar ba. Zai tsumbure, gashi ya ƙi fitowa, ciwo kaɗan ya kayar da shi, mai shi kuma ya ce iska ce.

Bari mu fara daga ranar ƙyanƙyasa. Bayan kwana 21 na kwanci, tsako kan fito da ragowar gwaiduwa a cikinsa, ita ke riƙe shi kwana biyu na farko. Kada a ɗura masa komai a baki. Ruwa ne farko, irin wanda ku ma za ku sha, a murfi mara zurfi, a jera 'yan duwatsu a ciki don kada ya faɗa ya jiƙe. Jiƙaƙƙen tsako da sanyin asuba ba ya kai hantsi. Daga nan, kwana uku na farko, a dafa ƙwai guda ya dahu sosai, a murmushe shi da ɗan ɓarzajjen gero. Ƙwai guda ya ishi goma a yini. Abin da suka rage bayan awa guda a kwashe, domin zafin nan namu ba ya barin dafaffen ƙwai.

Idan ƙwan nan guda ne a gidan, kuma akwai yaro ƙarami ko mai ciki, a ba ɗan Adam. Haka garin kunun yara da madarar gyaɗar da ake bayarwa a asibiti don tamowa: ba na kaji ba ne, ko cokali guda. Tsako na da wata mafita, kuma ga ta.

A sami gwangwani guda ya zama ma'auni, ko na tumatir ne. A auna shida na gero, dawa ko masara, a ɓarza su ƙanana yadda bakin tsako zai ɗauka, ba gari laushi ba, don gari na liƙe musu a baki. A ƙara biyu na ƙuli-ƙuli dakakke, ɗaya na busasshen kifi dakakke, ɗaya na dusa. Goma ke nan. Kifin ba sai mai kyau ba, ɓurɓushin da ke ƙasan kwandon mai kifi da kawuna sun wadatar, in dai ba mai gishiri ba ne. Ƙashinsa ma amfani ne ga ƙafafun tsako.

Ƙuli-ƙuli na bukatar kula. Wanda aka yi don ci yana da gishiri, wani har da yaji, gishiri mai yawa kuwa kashe tsako yake. Gara ku je wurin mai matsar man gyaɗa ku karɓi tunkuza kafin ta sa komai, ku shanya ta bushe ƙarau. Ku sansana, ku duba. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, dafuwa ba ta kashe ta, kuma tsako ya fi babbar kaza saurin faɗuwa da ita. Hatsin da kuka ƙi ci saboda ya yi wari, kada ku ce bari a ba kaji.

Wanda bai sami kifi ba ya sa waken soya ko farin wake, amma sai an gasa shi a kasko har ya yi ƙamshi ya soma ja. Ɗanyen wake na hana cikin tsako narka abinci.

Sai gara, wadda iyayenmu suka sani tun kafin a ƙirƙiro abincin buhu. Tsohuwar tukunya, a cusa busasshen kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da shuri da yamma, da sassafe a ɗauko a kakkaɓe musu. A tsince zago masu manyan kai, suna cizo. Roƙonmu guda: a kafa tukunyar nesa da ɗakuna, kada a jawo gara ta cinye dirkokin rumfa, kuma kada a aiki yara su kaɗai bayan gari. Ganyen zogale da aka shanya a inuwa, a barbaɗa ɗan kaɗan daga mako na biyu, tare da yashi mai tsabta a gefe, da shi suke niƙa hatsi a ƙundu.

A haɗa na mako guda kawai, a rufe, a ɗaga daga ƙasa. A riƙa zuba kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini. Uwar kuma a fara ba ta dusarta ta ƙoshi, ko a kife kwando mai ramukan da tsako kaɗai zai iya shiga, abincin na ciki. In ba haka ba ita za ta cinye kifin. Mako huɗu zuwa shida na farko a tsare su a akurki ko ƙarƙashin kwando, saboda shirwa da sanyin dare.

Abu guda da haɗin gida ba ya yi, kuma gara mu faɗa. Yawancin abincin kamfani na ɗauke da maganin ciwon hanji, wanda ke sa tsako kashin jini. Namu babu. Abin da zai maye gurbinsa shi ne busasshiyar shimfiɗa: a share kashi kullum, kada ruwa ya zube inda suke kwana, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, a hana masu rarrafe wasa a wurin. Annobar kaji ta lokacin hunturu kuma, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, babu abincin da ke tare ta, na buhu ko na gida. Rigakafi ne kawai, ɗigo guda a ido, kuma ana yi wa har 'yan tsaki. In kuka ga kaji na mutuwa da yawa lokaci guda, kada a yanka, kada a kai kasuwa, a sanar da mu nan take domin tana iya zama murar tsuntsaye.

A zama na gaba za mu yi haɗin a gabanku. Kowace unguwa ta zo da turmi guda da gwangwanin awonta, masu kaza a kan ƙwai kuma su faɗa wa wakilinsu ranar da ta fara kwanci, don mu san gidan da za mu fara leƙawa.