Gidan Makama na Kano: Abin da Tubali ke Koya Mana



Duk wanda ya tashi a Dandin Mahe ko Boɗinga ko Shagari ya san ginin tubali, sai dai sabo ya sa ba mu cika duban hikimar da ke cikinsa ba. Don haka na zaɓi in yi magana a kan Gidan Makama na Kano, wanda ake danganta asalinsa da Muhammadu Rumfa, Sarkin Kano daga 1463 zuwa 1499. A 1959 aka sa gidan cikin kayayyakin tarihi da doka ta tsare, kuma wani sashensa gidan adana kayan tarihi ne.

Da farko mu dubi bango. Tubali ba murabba'i ba ne. Curi ne mai faɗin gindi da tsinin kai, a busar da shi a rana, a jera shi kai sama, a bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon kan yi kauri daga tushe, ya riƙa sirancewa zuwa sama. Kaurin nan ne ke hana zafin rana shiga ɗaki.

Na biyu, rufi. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cika cinta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta yi yawa. Maganin da magina suka samo shi ne bakan gizo: a ɗaɗɗaure azara, a lulluɓe da ƙasa, har ta lanƙwaso ta haɗe a tsakiyar soro.

Na uku, kariya daga ruwa. Indararo ke fitar da ruwan rufi nesa da bango. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samunta, laso kuwa da katsin marina da gashin majema ake haɗa shi. Ashe ke nan magini bai wadatu da kansa ba. Sana'o'in garin kasuwa ne suka taru suka tsayar da gidan.

To, a nan ne damuwata take. Doka tana iya hana a rushe gida, amma ba ta yi masa yaɓe kafin damina. In marina ta mutu, kuma ɗan magini ya koma bulo da siminti, wa zai gyara soron? Tsare gini ba ya yiwuwa sai an tsare masu saninsa.